Ƙafafun Kunkuru

Talata, 10 ga Agusta, 1982, bayan la'asar

Yanzu na dawo daga ƙauyen su abokina Jibo, can bayan Dayi. Ruwa ya dake ni tun daga Malumfashi har Funtua. Matata Kudirat ta ajiye mini abinci, na buɗe na rufe.

Na ga ramin. A gefen wani tudu yake, inda su Jibo ke haƙo farar ƙasa suna kawowa Funtua don masu shafen ɗaki. Ba ƙasa ya nufa kamar rijiya ba, a kwance ya nutsa cikin tudun, a duƙe ake shigarsa. Ranar Alhamis da ta wuce, bayan ruwan asuba, aka tarar bakinsa ya rufta, jakin Jibo na ɗaure a gindin marke, shi kuwa babu shi. Mutane suka hau tono, tudun ya sake zubowa ya karya wa wani Sada ƙafa. Mai gari ya ce kada wanda ya ƙara sa fartanya a wurin sai damina ta wuce. Abin da ya rage wata kafa ce a ƙasa-ƙasa, wadda kare zai iya kutsawa amma ban da mutum. Na kwanta na sa fuskata a bakinta. Iska ce mai sanyi ke fitowa. Na kira shi, na sake kira, har mutanen da ke tsaye suka fara kallon ƙasa.

Babu wanda ya ga shigarsa. Kuma Bature direba, mai ɗaukar kaya zuwa Zariya, ya rantse ya hango shi a tashar motar Zariya ranar Asabar. Saboda haka Malam Maitama, limamin garin, ya ce ba zai tsaya wa mutum sallar gawa a kan zato ba. Ya ce matar wanda ya ɓace, in ba a samu tabbaci ba, shekara huɗu take jira. Hajo, matar Jibo, tana bayan ƙyauren zaure tana ji. Ba ta yi kuka ba, tambaya ta yi.

“To Malam, ni yanzu mece ce?”

“Matar aure ce ke, Hajo, har Allah ya bayyana.”

Wani ya ce a ɗaure yaro da igiya a zura shi. Inno, mahaifiyar Jibo, ta ce ba da ɗan kowa ba. A nan bakina ya riga ni, na ce ina da abin da zai shiga.

Laraba, 11 ga Agusta, da hantsi

Na sauko da Kunkuru daga saman kanta na kakkaɓe shi.

Jibo ne ya raɗa masa sunan. Ni da shi gida ɗaya muka tashi a layin tashar jirgi, babansa na dako a wurin gurzar auduga, babana Alhaji Ayinde na sayar da kayan keke. Inno ta goya ni fiye da yadda uwata ta goya ni. Bayan sun koma ƙauye bai taɓa shigowa Funtua bai zauna a shagon nan ba, a kan gwangwanin man da ke bakin ƙofa, ni ina gyaran wutar motoci shi yana yi mini tsiya. Shekarar da aka yi aikin hanya na ga katafila na hawa tudu, abin ya shiga raina, na fara haɗa ƙarama tawa da injin waifa na goge gilashin mota guda biyu da tsohon tire. “Bayarabe,” in ji shi, “mutane na gina gida, kai kana gina ƙwaro.”

Girmansa bai fi babban akushi ba. Batir na zama a waje, doguwar waya ke kai masa wuta, ina juya shi dama ko hagu da makunni biyu. Zan ɗaura masa tocila a goshi, da ƙugiya a gaba, da igiya a baya don jawowa. In akwai wani abu a ciki, zai taɓa shi ya fito mana da alama. In babu, shi ke nan, Bature ya yi gaskiya.

Matsalarsa ƙafa. Tayoyin keken yara na sa masa tun farko. Na zo da buhun farar ƙasa daga can, na zuba a bayan shago na jiƙa. Yana hawa ya tsaya yana juya taya wuri ɗaya, yana watsa mini taɓo a ido. Dole sai ƙafa mai shimfiɗa irin ta katafila.

Juma'a, 13 ga Agusta, bayan masallaci

Sarƙar keke ba ta yi ba. Ta cika siranta, nutsewa take, ƙasa ta toshe mata ido.

Sanyin nan na bakin kafar bai bar fuskata ba. A cikin sahu ma na ji shi, ga jama'a ana ta gumi.

Litinin, 16 ga Agusta, kafin magariba

Na haɗa sarƙar babur bibbiyu a kowane gefe, na yayyanka tsohuwar taya na ɗaɗɗaure a kai da waya. Ya hau tarin ƙasar, ya sauka ta wancan gefen, ya juyo. Maƙwabcina mai faci har tafi ya yi.

Amma ta cika nauyi, kuma ƙararta ta yi yawa. Rufin ramin nan da ƙyar yake tsaye, in abu ya shiga yana kaɗa ƙasa haka zai iya ƙarasa ruftawa. Ba zan ɗauki wannan alhaki ba. Na kwance ta.

Mai faci ya ce, “Haba Sikiru, ai ba ta kai ƙarar keken ɗinki ba.” Na ce masa ya tsaya a kan facinsa.

Talata, 17 ga Agusta, da azahar

Kudirat ta kawo mini abinci shago, ta ɗauki tsumma za ta goge bango. Akwai wani farin tabo a jikin bangon, daidai inda Jibo ke jingina bayansa, don rigarsa kullum da farar ƙasa take. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba tun aurenmu. Ta ajiye tsumman a hankali.

“Baba Iyabo, ka ci abinci dai.” Da sunan 'yarmu take kira na.

Na ba ta haƙuri. Na ce in ya zo zai tambayi wa ya taɓa masa wuri. Ta tattara kwanonin jiya ta tafi.

Alhamis, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Na je ƙauyen don in auna faɗin kafar, ko da yake na auna wancan zuwan.

Gidan ba daɗin shiga. Mutane na zuwa su zauna a zaure, amma babu wanda ya san gaisuwar da zai yi. Ba a ce “ya haƙuri” ba, don ba a yi rashi ba. Ba a ce “ya maigidan” ba. Sai a ce “sannunku da…” a bar maganar a nan, a shiga zancen ruwa da ciyawar da ta cinye gonar auduga. Wata tsohuwa ta shigo da ƙwaryar gero irin ta sadaka, aka tare ta a ƙofa aka ce ta mayar tukuna.

Hajo ta gaishe ni daga bayan ƙyaure. Ta rame, muryarta ma ta rame. Ta ce kullum tana tuƙa tuwo da rabonsa, ta rufe da faifai, da safe ta ɗumama wa yara. Ta ce ta rasa ko ta sa kwalli ko kada ta sa. In ta sa, a ce ba ta damu ba. In ba ta sa ba, a ce tana yi masa fatan mutuwa.

“Sikiru, abin naka ya kusa?”

“Ya kusa. Ƙafa kawai nake nema masa.”

“Allah ya sa a samu. Ko mene ne a ciki, gara in sani.”

Inno na zaune a tabarma tana kaɗi. Ba ta kiran sunan Jibo, ɗan fari ne. Ta ɗago ta dube ni kallon da take yi mini ina yaro in na ce ban ga wanda ya sha furar ba. Ta ce, “Abokinka ba ya son jira, ka sani.” Na ce na sani.

Babu wanda ya ga shigarsa. Jaki a ɗaure ba shaida ba ne.

Asabar, 21 ga Agusta, da hantsi

Robar tiyub: miƙewa take, ta sulluɓe daga kan taya. Wannan kam da gaske ba ta yi ba.

Lahadi, 22 ga Agusta, da safe

Jiya na bar Kunkuru a kan tebur, babu waya a jikinsa. Yau na buɗe shago na tarar da farin sawu a daɓe, layi biyu, daga gindin tebur zuwa wurin gwangwanin man. Kunkuru na kan tebur yadda na bar shi.

Wataƙila tun gwajin Litinin ne sawun, ban lura ba. Ranar Litinin a bayan shago na yi gwajin, amma wataƙila na shigo da shi. Na share. Na daɗe ina shara.

Talata, 24 ga Agusta, bayan magariba

Na je Zariya neman bel. An ce akwai masu tsofaffin kayan injin a Sabon Gari.

Motarmu ta sauke mu a tasha da hantsi. Na ce bari in ɗan zagaya in ga inda Bature ya ce. Na bi layin motocin Kano, na bi na Kaduna, na dawo na Jos. Na tambayi masu shayi, na tambayi 'yan kamasho: dogo, baƙi, da gibi a gaba, yana dariya kafin ya yi magana. Kowa ya ce ya ga irinsa. Wani mai dogon wuya na tsaye ya ba ni baya, tafiyarsa sak, har ɗan karkacewar kafaɗar nan ta masu ɗaukar buhu. Na bi shi har bakin famfo, na dafa shi. Ya juyo, wani Bagwari ne da kaza a hannu. Ya ce lafiya? Na ce lafiya.

Ko da na farga an kira la'asar, masu kayan injin sun fara rufewa. Ban samu bel ba.

Kudirat ta ce, “An samu?” Na ce irin wanda nake so ba a kawo ba.

Laraba, 25 ga Agusta, da azahar

Na haɗu da Bature a gidan mai. Yau cewa ya yi daga nesa ya hango, kuma mota na tafiya. Na ƙi tsayawa in ji sauran.

Juma'a, 27 ga Agusta, kafin la'asar

Marcellinus mai kayan gyaran mota ya shigo shago da wani abu a naɗe a kafaɗa. Ya girme ni, amma tare muka yi ƙwallo a filin tasha. Ya jefar da shi a kan tebur.

“Injiniya, ga ƙafar ƙwaronka. Bel ɗin injin gurza ne, sun canja sabo. Tun Litinin nake bin wani ma'aikacinsu.”

Na duba. Faɗinsa yatsa huɗu, zare da roba, mara nauyi, ga wasu ƙananan tudu-tudu a bayansa kamar don wannan aikin aka yi shi. Tsawonsa zai isa gefe biyu cif, ba ragi. Na ce masa anya bai cika tauri ba? Ya lanƙwasa shi da yatsa biyu a gabana. Na ce anya ruwa ba zai ɓata shi ba?

Ya ja gwangwanin man zai zauna, na ce ya ɗauki benci. Ya dube ni, ya ɗauki benci.

“Sikiru, ka san yayana Nnamdi?”

“Na san shi. Mai ɗinki.”

“Tun shekarar da muka gudu gida, gab da yaƙin basasa, ba mu gan shi ba. An ce an gan shi a Kafanchan, an ce an gan shi a Makurɗi. Uwarmu har ta bar duniya ba ta yarda a rufe ƙofar gida da sakata ba. Matarsa tana nan, ta tsufa a ɗakin.” Ya tashi ya kakkaɓe wando. “Ni ba ni da rami, ba ni da inji. Kai kana da duka biyu.”

Na ji haushinsa ƙwarai. Na yi masa godiya, na raka shi bakin titi.

Asabar, 28 ga Agusta, bayan azahar

Na yanka bel ɗin. Na auna, na sa alli, na yanka.

Ɗayan ya fi ɗayan tsawo da kusan taƙi guda. Gajeren bai zagaya ba, ko kusa. Shekara nawa ina yanka waya da bel, ban taɓa yin irin wannan ba. Na zauna ina kallon alamar allin, tana nan inda ya kamata, yankan kuma yana can wani wuri.

Wuƙar ce ta goce.

Lahadi, 29 ga Agusta, da hantsi

Ban buɗe shago ba. Sanyin na nan, yau har cikin kunne.

Litinin, 30 ga Agusta, da la'asar

An aiko daga ƙauyen. An yi ruwa mai ƙarfi shekaranjiya, kafar ta ƙara tsukewa. Mai gari ya ce in aka sake irinsa sau ɗaya ko biyu, ba abin da zai shiga, ko ɓera. In damina ta wuce kuma babu tabbacin za a gane inda za a tona, don tudun gaba ɗaya yana zamewa.

Na ce wa ɗan aiken ya ce ina nan ina ƙoƙari.

Laraba, 1 ga Satumba, bayan azahar

Inno ta zo Funtua.

Ina ƙarƙashin wata tsohuwar mota na ga ƙafafunta, na gane su tun kafin ta yi sallama. Rabonta da garin nan tun komawarsu ƙauye. Ita kaɗai ta hau mota daga Dayi, ta canja a Malumfashi, ta yi ta tambayar shagon ɗan Alhaji Ayinde har aka kawo ta. Na shimfiɗa mata tabarma, na aika a sayo fura. Ta ƙi sha sai ta ga abin.

Na nuna mata Kunkuru. Ta shafa bayansa. Ta ga sarƙar babur a rataye, ta ga bel ɗin Marcellinus gida biyu a ƙasa. Na fara yi mata bayani, nauyi, ƙara, wuƙa ta goce. Ta bar ni na gama tas.

“Sikiru, wace irin ƙafa yake so? Faɗa mini yadda zan gane.”

Na ce abu mai faɗin yatsa huɗu, dogo, mai ƙarfi, mara nauyi, wanda ba ya miƙewa.

Ta kwance ƙullin da ta zo da shi a ka. Farin saƙi ne, irin na masaƙan da, siraran layuka da ba a riga an haɗa su ba, a naɗe kamar gammo. Yana ƙamshin cikin tukunyar ajiya. Ba sai an gaya mini ba, na san abin da tsofaffi ke ajiye irin wannan dominsa.

“Audugar gonarmu ce, ni na kaɗa zaren. Na ajiye ne don ranar da zai sa ni a ciki. Ja ka ji ko yana miƙewa.”

Na ce, “Inno, wannan ai likkafaninki ne.”

“Na san ko mene ne. Ja.”

Na ja. Bai miƙe ba.

“Wannan ba ya ƙara, ba shi da nauyi. In wuƙarka ta goce, ga saura da yawa, sai ka sake yankawa. In ta sake gocewa ka sake. Ina nan zaune.” Ta gyara zama ta jingina da bango, daidai kan farin tabon, na bar ta. “Ni ma ina so ya kasance a Zariya, ɗan nan. Ka ɗauka ka fi ni so? Amma yarinyar can ba za ta yi shekara huɗu tana rufe tuwo da faifai don ni da kai mu ji daɗi ba.”

Na shiga bayan shago na daɗe. Da na fito ta sha furar, ta damƙa mini alli a hannu.

Alhamis, 2 ga Satumba, kafin magariba

Inno ta kwana wurin Kudirat, da safe ta riga ni zuwa shago.

Na ninka saƙin uku. Baduku na bakin kasuwa ya ɗinke shi da jijiya, ya jera masa gutsattsarin taya a gicciye don kama ƙasa. Mai faci ya shafe shi da sholisho, gam ɗin facinsa, saboda ruwa, bai yi mini maganar rannan ba, Allah ya saka masa. Na cire tayoyin keken, kafinta ya fafe mini gangar katako huɗu, na bubbuga musu ƙananan ƙusoshi don kada saƙin ya sulluɓe. Marcellinus ya zo ya riƙe mini batir, bai tambayi bel ɗinsa ba.

Ya hau tarin ƙasar, ya sauka, ya juyo. Ko motsinsa ba a ji, sai ɗan kukan injin. Na nemi abin da zan ce bai yi ba, na duba sama na duba ƙasa. Inno na kallona.

Na ce ya yi.

Juma'a, 3 ga Satumba, da la'asar

Hadari ya haɗu ta gabas, na tsaya a ƙofar shago ina kallonsa. Ban san addu'ar da zuciyata ke yi ba, kuma ba na son in sani. Iska ta watsa shi.

Asabar, 4 ga Satumba, bayan magariba

Mun isa da hantsi a motar Marcellinus. Garin duka ya fito, mai gari ya sa aka ja mutane baya. Malam Maitama na tsaye kusa da ni. Mata na can gindin marke, Hajo a tsakiyarsu a lulluɓe.

Kafar ta tsuke har sai da na cire murfin bayansa kafin ya shiga. Na kunna tocila, na ce bismillahi, na danna makunnan. Na kwanta rub da ciki ina kallon hasken yana tafiya, yana hawa yana sauka. Ramin ya karkata hagu, hasken ya ɓace, ya rage saura kukan injin da wayar da ke sulalewa a tafin hannuna. Marcellinus na sakin igiya. Ba mai ko tari.

Na san kukan injin nan in ya hau dutse, na san kukansa in ya shiga taɓo. Can ciki ya yi wani kukan da ban sani ba. Ya tura, abin ya ɗan ba shi hanya, ya tsaya.

Na ɗaga hannu daga makunnan. Malam ya ce, “Mene ne?” Na ce ban sani ba. Na sani.

Na matsa gaba kaɗan don ƙugiya ta kama, na ce wa Marcellinus ya ja a hankali. Ya daɗe yana ja. Iskar ce ta riga shi fitowa, Malam ya sa bakin rawaninsa ya rufe hanci. Sannan Kunkuru ya fito da baya, da wani yanki na shuɗiyar riga a ƙugiyarsa. Ba zan rubuta yadda yankin yake ba.

Aka sa a faifai aka kai wa mata. Hajo ta duba, ta nuna wani faci da aka yi da baƙin zare a gefen aljihu. Ta ce, “Ɗinkina ne.” Sai a lokacin na ji kukanta, tun da aka fara abin nan.

Malam ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, jama'a suka amsa. Ya ce tunda ba za a iya fito da shi ba, nan ne makwancinsa, a rufe kafar a yi masa salla a bakinta.

Aka fara ɗebo duwatsu, sai ga Inno ta ratso maza da sauran farin saƙin a hannu. Ta ninke shi ƙanana, ta yayyafa masa turare. Ta durƙusa ta ɗora a bayan Kunkuru.

“Malam, ba a wanke shi ba, ba a sa masa sutura ba. A bari ko wannan ya isa gare shi.”

Malam ya dubi saƙin. Ya ce, “Ban taɓa ganin an yi ba, Inno. Amma ban ga laifinsa ba.”

Ta juyo gare ni. “Zai iya komawa?”

Na ce zai iya, amma ba shi da hannun da zai sauke kayan. In ya kai, sai dai ya zauna can.

“To ka yarda?”

Na cire ƙugiyar, na kwance igiyar, na ɗaure saƙin da zare. Na sake danna makunnan. Wannan karon ban kwanta ba, a zaune na yi, don na san hanyar. Ya karkata hagu. Ya yi tafiyarsa, ya yi wannan kukan, ya tsaya. Marcellinus ya miƙo mini filaya na datse wayar.

Tocilar na da nata batir, a kunne na bar ta. Aka jera duwatsu, aka liƙe da ƙasa, muka yi sahu. Marcellinus ya cire hularsa ya tsaya can gefe har muka sallame.

Lahadi, 5 ga Satumba, da la'asar

Na kwana a ƙauyen. Zaure ya cika tun safe, kowa ya san abin da zai faɗa. Tsohuwar nan ta dawo da ƙwaryar geronta, aka karɓa. Hajo ta shiga takaba.

Kafin in tafi na tsaya a bakin ƙyaure na yi sallama.

“Hajo, ya haƙuri?”

“Haƙuri da godiya. Allah ya saka maka, Sikiru.” Ta ƙara da cewa, “Kai fa, ya haƙuri? Ban ji wanda ya yi maka ba.”

Na buɗe baki, amsar da kowa ke bayarwa ta ƙi fitowa. Na riƙe ƙyauren ina kuka kamar yaro, a gaban mutane, har Inno ta fito ta kama hannuna ta zaunar da ni.

Litinin, 6 ga Satumba, da hantsi

Jibo ya rasu. Abokina ya rasu ranar Alhamis, biyar ga Agusta, a ramin farar ƙasa, shi kaɗai. Allah ya jiƙansa, ya haskaka masa makwancinsa.